Tambaya da Amsa: Zan kai ɗalibai lambun tsirrai, amma ina tsoron abin da za su kai baki

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a wata firamare a Kano, kuma an ba mu izinin kai 'yan aji biyar lambun tsirrai domin su ga itatuwa da tsuntsaye. Ba mu da madubin hangen nesa, sannan hankalina bai kwanta ba, domin yaran nan duk abin da suka tsinka sai sun ɗanɗana. Wani abokin aikina ya ce in kwantar da hankalina, wai duk ɗan itacen da tsuntsu ko akuya ke ci ba ya cutar da mutum. Shin haka ne?

Amsa: Malama, batun kayan aiki mai sauƙi ne. Ko Gidan Zoo na Audu Bako za ku je, ko lambun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, abin da kowane yaro yake buƙata shi ne littafin rubutu da fensir. Ki raba su rukuni-rukuni, ki ba kowane rukuni bishiya ɗaya su zauna ƙarƙashinta minti 15 ba surutu, su zana ganyenta, su rubuta duk mai ran da ya zo wurin, ko kurciya ce, ko ƙadangare, ko tururuwa. Ku isa da sassafe, domin da rana ta take tsuntsaye sukan lafe. Idan akwai gawo, ki tambaye su me ya sa yake zubar da ganye da damina ya kuma yi kore shar da rani. Wannan tambaya kaɗai ta ishe ku darasin mako guda.

Maganar abokin aikinki kuwa ƙarya ce mai iya kashe yaro, kuma na gaji da jin ta daga bakin mutanen da suka yi karatu. Jikin tsuntsu daban, na ɗan Adam daban. Tsuntsu yana cin barkono ba tare da ya ji yajinsa ba, kuma sau da yawa yakan haɗiye ƙwaya mai tauri ya kasayar da ita yadda take, alhali yaro taunawa yake yi, taunawar ce kuma take fitar da dafin. Idon zakara, 'yar ƙwayar nan ja mai baƙin ɗigo da yara ke sha'awar tarawa a aljihu, tana ɗauke da dafi mai ƙarfin da ƙwaya ɗaya da aka tauna sosai za ta iya halaka yaro, kuma alamun sukan yi jinkirin sa'o'i ko kwana kafin su bayyana, har iyaye su ɗauka an tsira. 'Ya'yan zurma ma suna da dafi irin wannan. Bini da zugu, wanda ake shinge da shi, 'ya'yansa suna da gardi kamar gyaɗa, shi ya sa yara ba sa tsayawa a kan guda ɗaya, bayan ɗan lokaci kuma sai amai da gudawa mai tsanani su biyo baya. Zaƙami yana bushe baki, ya buɗe ƙwayar ido, ya sa yaro sambatu da fizge-fizge, sai a ce aljanu ne, a tafi neman mai ruƙiyya maimakon likita. Ruwan tumfafiya da na tinya kuwa, idan suka shiga ido suna iya lalata gani.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin da ake yi bayan yaro ya riga ya ci. Nan take wani zai kawo manja, wani madara, wani ruwan gishiri, a matse hancin yaro a ɗura masa domin ya yi amai. Manja ba ya karya kowane dafi. Abin da yake iya yi shi ne ya bi hanyar numfashi ya shiga huhu, a samu ciwo biyu a maimakon ɗaya. Ruwan gishiri mai yawa shi kansa guba ne ga ƙaramin yaro. Haka nan masu tallar maganin gargajiya da ke tsayawa a ƙofar irin waɗannan wurare suna miƙa wa yara saiwa ko ɓawo su ɗanɗana, kada ki bari ko ɗaya ya kusanci ɗalibanki, ko da ya rantse cewa kaka da kakanni ya gaji sana'ar.

Kafin ku shiga, ki kafa doka guda: a kalla, a zana, amma ba tsinka, ba kaiwa baki, kuma a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Ki je wurin kwana ɗaya kafin ranar, ki zaga tare da ma'aikacin lambun ya nuna miki inda waɗannan tsirrai suke, ki kuma san asibiti mafi kusa. Idan duk da haka yaro ya ci wani abu, ki cire ragowar daga bakinsa, ki sa ya kuskure da ruwa, ki ɗauki reshen tsiron ko hotonsa a waya, ki lura da lokacin, sannan ku wuce asibiti kai tsaye ko da yana wasa yana dariya. Idan ido ne, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya.