Tambaya da Amsa: Yadda Masana Ke Nazarin Al'adun Wasu Al'ummu

Tambaya: Malam, ta yaya masani zai fahimci al'adar mutanen da bai tashi a cikinsu ba?

Amsa: Malama, hanyar da masana suka fi amincewa da ita ita ce zama da mutanen na tsawon lokaci tare da koyon harshensu. Bronislaw Malinowski, masanin al'adu ɗan asalin Folan, ya kafa tantinsa a tsibiran Trobriand da ke gabashin Sabuwar Gini tsakanin 1915 da 1918. A can ya bibiyi musayar da ake kira kula, inda jajayen sarƙoƙin wuya na ɓawon katantanwar teku suke zagaya tsibiran ta fuska ɗaya, fararen mundaye kuma ta kishiyar fuskar, ba mai riƙe su ya daɗe, domin ribar ita ce suna da amintaka. Baƙon mako guda zai ɗauka ciniki ne kawai.

Sai dai ko dogon zama ba ya hana tuntuɓe. Da wata masaniyar al'adu, Annette Weiner, ta je can a 1971, sai ta tarar Malinowski bai kula da dukiyar mata ba, wato damman busasshen ganyen ayaba da suke rabawa a zaman makoki.