Mastas a fiziks, ƙarshenta koyarwa ce kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digirin farko a fiziks, ina so in ci gaba da mastas har digirin digirgir in Allah ya yarda, amma kowa cewa yake ƙarshenta dai alli da allo. Don Allah akwai wani aiki bayan aji? Kuma wane ɓangare zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun. Koyarwa dai ba abin raini ba ce, amma masu faɗa maka haka suna kallon tallan aiki ne, su ga ba a rubuta "ana neman masanin fiziks" ba, sai su ɗauka babu aikin. Aikin yana nan, sunansa ne yake canzawa, kuma abin da ake saye a wurinka shi ne abin da hannunka ya iya, wato lissafi da awo da rubuta furogiram a kwamfuta.

Ka ɗauki fiziks na asibiti, wanda ni a ganina ɗalibai da yawa ba su san darajarsa ba. Duk inda ake gasa ciwon daji da haske mai ƙarfi sai da masanin fiziks a wurin. Likita ne yake cewa ga adadin da za a ba mara lafiya, amma mai fiziks ne zai ajiye akwatin ruwa a ƙarƙashin injin, ya zura ma'auni a ciki, ya tabbatar abin da injin ke fitarwa daidai yake da abin da aka rubuta, sannan ya duba tsarin yadda hasken zai sami ƙarin ba tare da ya ƙona lafiyayyen nama ba, in ya yi kuskure kaɗan rai ne a gaba. Wannan aiki bayan mastas sai ka yi horo a cikin asibiti kafin a sakar maka injin.

Akwai kuma fiziks na ƙasa. Su ne za ka gani sun kafa ƙarafa huɗu a jere, su tura lantarki ta biyun waje, su auna ta biyun ciki, daga nan su gane zurfin da ruwa yake kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Masu neman man fetur kuma girgiza suke aikawa cikin ƙasa su karanta amsa-kuwwar da ta dawo. Sai ɓangaren kayan lantarki da sola da batir, ai taransisto na farko, kakan ƙananan makunnan lantarkin da ke cikin wayarka, masana fiziks uku ne suka samar da shi a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a 1947. Bankuna da kamfanonin fasaha ma suna ɗaukar 'yan fiziks saboda sun saba da tarin alƙaluma, shi kansa tsarin shafukan intanet a cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke Janeba Tim Berners-Lee ya tsara shi a 1989.

Yanzu maganar digirin digirgir, nan nake so ka nutsu. Mastas shekara ɗaya ce zuwa biyu, amma dakta a Ingila shekara uku zuwa huɗu ce, a Amurka kuwa biyar zuwa shida, kuma in ka gama ba kujera ce ke jiranka a jami'a ba, yawanci sai ka yi aikin bincike na kwantiragin shekara biyu ko uku, wani lokacin ma a wata ƙasar, kuma kujerun ba su kai yawan masu nema ba. Don haka kada ka shiga don a riƙa ce maka dakta, kuma shawarata kada ka biya da aljihunka. A Amurka akan yafe wa ɗalibin dakta na fiziks kuɗin makaranta a ba shi alawus yana taya koyarwa ko bincike, a Jamus da yawansu albashi ake ba su kamar ma'aikata. Ka duba cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Tiriyeste a Italiya, wadda masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya da tallafi don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, tana kuma da mastas a fiziks na asibiti. Akwai AIMS, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, yanzu tana da rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda.

Batun wane ɓangare kuwa, ka fara duba malamin da zai duba aikinka kafin sunan kwas ɗin. Ka karanta takardun da ya wallafa kwanan nan, ka tambayi ɗalibansa a keɓe ko yana karanta abin da suka kai masa, shekara nawa suke yi kafin su gama, kuma ina suka tafi bayan nan. In ɓangaren gwaji kake so ka tabbatar kayan lab ɗin suna aiki. Kafin a buɗe neman gurbi ka zauna ka koyi Python, wato yaren rubuta furogiram, sosai, ka sake bitar kwantam da lissafin lantarki da maganaɗisu, don su ake yawan tambaya a intabiyu, sannan ka nemi malamai biyu ko uku da suka san aikinka tun yanzu saboda takardar shaida.