Amsa ga mai tambaya kan saita fitilu a Blender

Ɗan'uwa, ka ce ka sa fitilu shida a ɗakin da ka gina a Blender, manhajar ƙera hotunan 3D, amma fuskar yaron ta fito a shafe kamar roba, kana tambaya ko ka ƙara wasu. Kada ka ƙara. Yawansu ne ya cinye maka inuwa, ita kuwa inuwa ce ke nuna wa ido tudu da kwarin fuska.

Ni idan na fara, kashe duka nake yi, har hasken sararin da Blender ke bayarwa da kansa. Sai in duba labarin: hasken nan daga taga yake shigowa, ko daga fitilar ƙwai a kan tebur? A nan nake kafa babbar fitilata, a gefe, kamar digiri 45 daga kyamara, ta ɗan zarce kai a tsawo. Muddin ka ajiye ta daidai bayan kyamara, fuska za ta baje. Sai na gamsu da wannan ɗayar nake ƙara ta biyu mai rauni, ta sassauta inuwa ba tare da ta share ta ba.

Girman fitila ya fi ƙarfinta tasiri. Ƙarama tana ba da inuwa mai kaifi, mai faɗi tana ba da mai laushi, kamar bambancin rana tsaka a watan Afrilu da ranar da hazo ya rufe gari. Nisa ma haka: in ka ninka nisan fitila daga mutum, hasken da ke sauka a kansa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Fitilar rana, wato wadda ke kwaikwayon rana a Blender, ita ce kaɗai ba ruwanta da inda ka ajiye ta, juyawarta kawai ake lissafawa.

Abin da ya fi damuna shi ne fatar mutanenmu. Yawancin darussan YouTube da farar fata ake yin su, sai yaranmu su yi ta ƙara ƙarfin fitila har farar riga ta ƙone, fuska kuwa tana nan a duhu. Baƙar fata ta sheƙi take bayyana. Kawo fitila mai faɗi kusa, daga gefe, ta kwanta a goshi da kunci, sannan ka sa ta baya ta zana gefen kai da kafaɗa, mutum ya rabu da bango. Wallahi da zarar ka gwada za ka ga bambanci.

Launin haske kuma da ma'aunin Kelbin ake auna shi: fitilar ƙwai tana wajen Kelbin 2000, hasken rana 5500 zuwa 6500. Ka bar AgX, saitin da ke sarrafa launi da hasken hoto, a kunne, tun fitowar Blender 4.0 a 2023 shi ne saitin farko, yana riƙe wuraren da haske ya yi yawa. Blender yana da injinan renda, wato masu fitar da hoto, Eevee da Cycles: ka riƙa gwaji a Eevee don sauri, renda ta ƙarshe a Cycles, inda ƙananan fitilu masu yawa ke jawo ɗigo-ɗigo a hoto.