Bar jemagu su sha furen ɗorawa

Kai yaro, ka ce jemagu sun addabi ɗorawa da dare, da safe ka tarar da fure zube a ƙasa, wai a yi musu hayaƙi ko a sa danƙo? Kul! Ku yaran yanzu duk abin da ya motsa a kan itace ɓarawo ne a wurinku.

Furen da ka gani a ƙasa ya gama aikinsa ne. Tuntun nan ja da ke reto, ƙananan furanni ne fiye da dubu a cure, kuma dare ɗaya tak suke yi a buɗe. Je ka bayan magariba ka taɓa wajen wuyansa, za ka ji ruwa mai zaƙi yana danƙo. Shi jemage ke zuwa lasa. Yana rungumar tuntun, garin fure ya manne masa a ƙirji da fuska, ya tashi ya kai wa wata ɗorawar. Barbarar ke nan. Ɗorawa ba ta cika ɗauka da garin kanta ba, shi ya sa wadda aka bari ita kaɗai a fili take rowar 'ya'ya. Kuka da rimi ma jemagu ke musu wannan aiki. Ba birbirin cikin ɗaki nake nufi ba, shi ƙwari yake ci.

Hayaƙin nan shi ya ci amfanin wata gona mai ɗorawa goma sha huɗu. Mai gonar, ɗan birni, ya ga kashin jemagu a kan motarsa, ya sa aka riƙa ƙona tsofaffin tayoyi a gindin itatuwan kullum da yamma, mako uku cur, daidai tsakiyar fure. Jemagu suka ƙaura. Ƙudan zuman da ke kama ragowar aikin da asuba su ma suka watse daga amya. Tuntu ya zube, ya bar ƙululu tsirara, babu ko sabada, wato ƙananan 'ya'yan ɗorawa, a jiki. Da bazara mata masu daddawa suka zo sayen kalwa suka koma da buhunansu a naɗe. Sai ga mai gonar yana cewa masu kula da gona ne ba su iya sassabe ba, ya riƙe kuɗin aikin rani guda. Har yau bai biya ba.

To daga fitowar tuntu har ka ga koren 'ya'ya sun zubo, ba wuta a gindi, ba feshin magani da yamma, kuma kada ka sare itacen da jemagu suke wuni a kai.