Magazin ne ke yanke tsawon harsashin farauta

Ɗana, na ga saƙonka bayan na rufe shago. Ka ce ka auna bututun bindigarka .308, ka tarar kan harsashi yana taɓa haƙoran ciki, wato layukan da aka sassaƙa a cikin bututu don su juya kan, idan tsawon harsashin ya kai inci 2.930. Ka rage 0.020 kamar yadda ka ji 'yan gasar harbi suna yi, ka haɗa guda ashirin da kanka a 2.910, waɗanda ka harba suka taru wuri ɗaya a takardar saiti har ka ɗauki hoto. Da ka zo jera su a magazin, ko ɗaya bai shiga ba. Yanzu kana tambaya ko ka tura kawunan ciki ka haƙura da saitin, ko ka riƙa sa su ɗaya-ɗaya da hannu idan mun fita farautar barewa a Nuwamba.

Tura su ciki. Amma ba yau da daddare ba, kuma ba da albarushin da ke cikinsu yanzu ba. Bari in gaya maka dalili.

Ka fara daga inda bai kamata ba ne. Awon da za ka fara ɗauka a bindigar farauta shi ne na cikin magazin, daga bangon baya zuwa bangon gaba. Bututu yana zuwa daga baya. Winchester ta fito da .308 a 1952 a matsayin gajeren harsashi, kuma SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin makamai da harsasai a nan Amurka tun 1926, ta tsayar da iyakar tsawonsa a inci 2.810. A kan wannan awon masu ƙera bindiga suke yanka magazin, su ɗan bar sarari kaɗan. Haka .30-06 da .270 suke a 3.340, .375 H&H kuma a 3.600. Shi kuwa maƙogwaron bututu, wato wannan ɗan fili mai santsi da ke gaban kwanso kafin haƙora su fara, masana'antu sukan yanka shi da tsawo da gangan, don bindigar ta karɓi kowane irin harsashi da mutum zai saya a kanti ba tare da matsin wuta ya hau ba. Saboda haka abin da ka gani ba lahani ba ne. Yawancin bindigogin kanti haka suke: ba za ka taɓa kai wa haƙora ba muddin harsashin zai zauna a magazin.

Mutanen da ka kwaikwaya, zaune suke a benci, da jakar yashi a ƙarƙashin bindiga, suna sa harsashi ɗaya, su harba, su jira bututu ya huce. Ba ruwansu da harbi na biyu. Kai kuwa harbi na biyu shi ne rabin aikinka. Barewar da ka samu a kafaɗa ba ta faɗi ba, daƙiƙa biyu ko uku take ba ka kafin ta shige kurmi, ga yatsunka sun ƙage da sanyi a cikin safar hannu. A nan ne za ka laluba aljihu? Barin dabba ta tafi da rauni abin kunya ne, kuma haƙƙi ne a wuyanka.

Akwai abin da ya fi wannan, ni ma a jikina na koye shi. Ina sabon shiga kamarka, na ɗura wa wata .270 harsasai da kawunansu suka ɗan cusa cikin haƙora, don a takarda nan ta fi so. Muka wuni a tsauni ba mu ga komai ba. Da yamma zan shiga mota, na ja sakatar bindiga in fitar da harsashin da ban harba ba. Kwanso ya fito shi kaɗai, kan ya maƙale a bututu, albarushi ya zube kamar an ɓarar da gero, ya cika magazin, ya gangara har cikin kunama. Sakata ta ƙi rufuwa. Ba ni da sandar goge bututu da zan zungure kan da ita, sai da muka koma gari. Maigidana na lokacin bai ce mini komai ba, buroshi kawai ya miƙo mini. Bindigar farauta ana sa mata harsashi a cire sau goma kafin a harba sau ɗaya, don haka kan harsashi ba shi da abin yi a jikin haƙora.

Yanzu maganar matsin wuta, wadda ita ce ta sa na ce kada ka taɓa su yau. Zurfin da ka zaunar da kai yana taɓa matsi ta fuska biyu. Idan kan yana jingine da haƙora, ba shi da wurin ɗaukar gudu kafin ya fara cizo, sai matsin ya yi tsalle tun farko. Idan kuma ka tura shi can ciki, ka cinye wurin da albarushi zai ƙone, nan ma matsin yakan hau, musamman a ƙaramin kwanso ko wanda ya riga ya cika maƙil. Tura kai da fiye da inci 0.100 ba ƙaramin canji ba ne, sabon harsashi ka yi. Ka zare kawunan, ka buɗe littafin kamfanin da ya yi su, ka koma awon farawa da suka rubuta a tsawon da suka gwada, ka hau a hankali kana duba gindin kwanso bayan kowane harbi. In sakata ta yi nauyin ɗagawa, ko ka ga tabo mai sheƙi a gindin, tsaya nan ka sauko. Ba zan ba ka adadin albarushi ta waya ba, kuma duk wanda ya ba ka daga ka, kada ka karɓa.

Ga yadda nake so ka bi. Auna magazin, ka rage inci 0.020 ko abin da ya ɗan fi haka, wannan shi ne mafi tsawon da za ka yi. Ka haɗa harsasan gwaji guda huɗu ko biyar, babu albarushi, babu ƙyastun da ke kunna albarushi a gindi, ka shafa musu jan fenti don kada su cakuɗu da na gaske. Cika magazin da su taf, ka ja sakata da ƙarfi da sauri kamar yadda za ka yi a daji, ba da lallashi ba. Ka lura da na ƙasa, wato na ƙarshe, shi ya fi ba da matsala, wani lokaci hancin yakan kama leɓen gaba lokacin da yake tasowa ko da ya kwanta lafiya a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin barin wannan sararin shi ne kawuna ba sa zama tsawo ɗaya ko a kwali ɗaya suka fito. Zuba guda goma masu hancin dalma a tebur ka auna, za ka ga bambanci. Shi ya sa injinka na zaunar da kai a kwanso ba ya tura shi ta tsini, ta gangaren jiki yake kama shi, kuma shi ya sa nake hana ka dogara da awon gindi zuwa tsini idan kana neman daidaito. Wannan awon na magazin ne kawai. Don sanin tazara da haƙora, ɗauki 'yar zoben nan ta Hornady da ke aljihun benci na biyu, ka ɗaura a bakin ma'auni, ka auna daga gindi zuwa gangaren, inda kan zai fara taɓa haƙora. Rubuta awon biyu a littafinka, kowanne da sunan kan da ka yi amfani da shi, domin da ka canza kai, lissafin ya canza.

Daga wannan tsawon sai ka riƙa komawa ciki, ba waje ba. Yi rukuni uku ko huɗu, kowanne ya fi na baya zurfi da 0.030 ko 0.040, ka harba biyar-biyar. Uku ba sa faɗin gaskiya, sa'a takan shiga. Za ka yi mamakin yadda bindiga take da wuri fiye da ɗaya da take jin daɗi. Berger da kanta, masana'antar da dogayen kawunanta suka yi suna wajen tsirfa, ta ba maharba shawarar gwada tazara tun daga 0.010 har 0.130. Barnes kuma, mai kawunan jan ƙarfe zalla, 0.050 take cewa a fara da shi. Bindigogin Weatherby an san su da dogon maƙogwaro tun asali, kan yana tafiya mai nisa kafin ya ciji haƙora, kuma an kashe namun daji da su ba adadi. Tazara ba abin tsoro ba ce.

Tunda na ambaci jan ƙarfe: in har za ka bi abokanka zuwa Kalifoniya, ka sani tun Yulin 2019 ba a farauta da dalma a jihar. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka kai mai nauyi ɗaya ya fi tsawo, kuma duk tsawon nan cikin kwanso zai koma tunda magazin ba ya miƙewa. Mafita ita ce ka sauko a nauyi. Haka nan waɗannan dogayen kawuna masu siririn hanci da samari ke so, ba .308 aka yi wa su ba. Don su ne Hornady ta fito da 6.5 Creedmoor a 2007, ta gajarta kwanso don dogon kai ya samu wurin fitowa waje a gajeren magazin. A taka bindigar, kai mai gajeren hanci zagayayye ya fi sauƙin sha'ani, ba ya damuwa da tazara sosai.

Ka duba wuyan kwanso ma. A 2.910 ɗin nan, nawa ne na jikin kan ya rage a cikin wuya? Tsohuwar ƙa'ida ita ce a bar miƙaƙƙen jiki kwatankwacin faɗin kan, wato wajen 0.308 a naka, ban da ɗan gindin da aka fere. Ba farilla ba ce, wuyan .300 Winchester Magnum ma bai kai faɗin kansa ba kuma yana aiki, amma harsashin da zai sha jijjiga a mota da aljihu yana bukatar riƙo. Kowane harbi kuma, bindiga tana ja baya, harsasan da ke magazin suna dukan bangon gaba. A .308 abin yakan tsaya a hancin dalma ya ɗan baje. A manya irin .375 ko .458 da ake kai wa ɓauna a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, dukan yana iya tura kai cikin kwanso, shi ya sa ake matse bakin kwanso a tsagar da ke jikin kan, kuma a nan tsagar ce ke yanke maka zurfi, ba ra'ayinka ba. Gwada naka haka: auna harsashin ƙasa, ka bar shi a magazin ka harba guda shida ko takwas a kansa, ka fitar ka sake aunawa. In ya ragu, wuyanka ya yi sako-sako.

Idan bayan duk wannan ka samu tarin inci ɗaya da kwata a yadi 100 maimakon uku bisa huɗun da ka ɗauka hoto, karɓa. Ƙirjin barewa ya kai faɗin faranti, kuma a dajin da za mu je da wuya ka harba fiye da yadi 200.

Asabar ka zo da wuri da bindigar da guda ashirin ɗin, da littafinka. Abin zare kai yana rataye bayan ƙofa, kai za ka zare su da hannunka.