Ƙuryar haikalin Fir'auna da maganar jar zaiba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatu a Alƙahira, ya kai ziyara Luksor, garin tsofaffin haikalai a kudancin Masar. Wani ya ce masa a ɗaki mai duhu na ƙuryar haikalin Fir'aunoni ake ɓoye jar zaiba ta kiran aljanu. Yanzu yana so in tura masa kuɗi su shiga harkar. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki tura ko sisi.

Duhun nan da gangan aka gina shi. A ganin mutanen tsohuwar Masar haikali hoton farkon halitta ne. Manyan bangaye biyu na ƙofa duwatsu ne da rana ke fitowa tsakaninsu. Ginshiƙai 134 na zauren haikalin Karnak da ke Luksor, wanda Fir'aunoni Seti na ɗaya da Ramsis na biyu suka ƙawata, an sassaƙa kawunansu kamar ciyawar fadamar Nilu, wasu a buɗe wasu a rufe. Kina ƙara shiga ciki, daɓe na hawa, rufi na saukowa, haske na ja baya, har ki isa ƙurya, wato tudun da suke cewa ya fara ɓullowa daga ruwa. Gunki ne ke zaune a can, babban mai hidima ya wanke shi, ya sa masa tufafi, ya ajiye masa abinci kullum. A haikalin garin Edfu akwatin dutsen da ake ajiye gunkin yana nan, fanko, kowa na kallonsa.

Ita kuwa jar zaiba, wallahi na gaji da jin ta. Babu ta. Ba a taɓa samun ta a haikali ko kabari ba. A 2018 an buɗe wani baƙin akwatin gawa a Iskandariyya, aka ga jan ruwa a ciki, nan take gari ya ɗauka cewa ita ce. Hukuma ta bayyana cewa ruwan masai ne ya tsiyaya ciki. Duk da haka 'yan damfara ba su daina ba. Su kawo kwalba da ruwa mai launi, su ce sai an sayi turaren miliyoyi aljanin tsaro zai kauce, kuɗi su ƙare, boka ya ɓace. Wasu su haƙa rami a cikin gidajensu, ƙasa ta rufta da su. Ga dokar kayan tarihi ta Masar ta 1983 da ke ɗaure mai haƙa ba izini. Ɗalibi baƙo aka kama, karatu ya tafi ke nan.

Ki kira shi yau, ki sa babba a gida ya yi masa magana, ya yanke hulɗa da mutumin.