Saita lokacin aikin dare a Google Calendar

Malam, ka ce kana shiga aiki ƙarfe 10 na dare ka tashi 6 na safe, amma Google Calendar ta ƙi karɓa. Ai ita a wurinta rana tana ƙarewa ne 12 na dare, shi ya sa.

Raba aikin gida biyu. A kwamfuta, shiga Settings, ka nemi wajen lokutan aiki. Litinin ka sa daga 10 na dare zuwa ƙarshen ranar. Talata kuma ka sa 12 na dare zuwa 6 na safe, ka ƙara zango na biyu daga 10 na dare. Haka har ƙarshen mako.

Amma fa wannan sai asusun ma'aikata ko makaranta. In Gmail ɗinka na kanka ne, kawai ka sa aikin kamar taro mai maimaituwa, wannan yana tsallaka tsakar dare lafiya lau.